Tafiya Ƙasar Gana: Bin Sawun Fataken Gwanja

 

Jawabin yau a kan ƙasar Gana ne. Kowa ya san sunan. Wasu ma suna da dangi a can. Wani kakansa ya tafi fataucin goro bai dawo ba, sai labari ya zo cewa ya yi aure a Kumasi. Amma kaɗan ne suka san yadda ƙasar take, da abin da baƙo zai gani idan ya je.

Gana tana yamma da Nijeriya. Ƙasashe biyu ne a tsakani, Binin da Togo. A kudancinta teku ne. A arewa kuma Burkina Faso ce. A ƙidayar 2021 an sami mutum miliyan 30 da dubu 800 a cikinta. Babban birninta shi ne Akra, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara. Ta sami mulkin kai daga Turawan Ingila ranar 6 ga Maris, 1957, wato shekara uku kafin Nijeriya. Sunan kuɗinsu sidi. Agogonsu yana bayan na Nijeriya da awa ɗaya.

Arewacin Gana kamar ƙasar Hausa yake. Ga kuka, ga kaɗanya, ga ɗorawa. Ana noma dawa da gero da gyaɗa da doya. Kudanci kuwa kurmi ne mai duhu. Can ake samun koko da goro da zinariya.

HANYAR GWANJA

Tun kafin Bature ya shata iyaka, Hausawa sun san wannan ƙasa. Suna kiranta Gwanja. Gwanja masarauta ce a arewacin Gana, kuma har yanzu tana nan da sarkinta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, fiye da shekara 500 da suka wuce.

Goro ne yake kai mutane can. A wancan zamani ba a noma goro mai kyau kusa. Yana fitowa ne a kurmin Ashanti. Mutanen Ashanti sukan ɗauko shi zuwa kasuwar Salaga, a ƙasar Gwanja. Nan fatake suke tarar da shi.

Tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000, a ƙasa. Ayari yakan tashi daga Kano, ko Sakkwato, ko Jega, bayan ruwa ya ɗauke. A bi ta Yawuri, a ƙetare kogin Kwara, a shiga ƙasar Bargu. A wuce Nikki da Jugu, waɗanda yanzu suke cikin ƙasar Binin. Daga nan a nufi Yandi, sai Salaga. Zuwa kaɗai yakan ci wata biyu ko uku. Wani lokaci kafin mutum ya je ya dawo shekara ta kewayo.

Ayarin ba ƙarami ba ne. Wani Bature matafiyi mai suna Kilafaton, wanda ya mutu a Sakkwato a 1827, ya gamu da irin wannan ayari a garin Kayama a 1826. Ya rubuta cewa mutanen sun fi 1,000, maza da mata, dabbobinsu ma kamar haka. Madugu shi ne shugaba. Shi ke shirya wa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da kuɗin wucewa. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Akwai masu makami saboda 'yan fashi. Akwai malami mai rubuta lissafi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka fi shahara da wannan sana'a.

Sukan tafi da kanwa, da baƙin yadi na rini, da riguna, da kayan fata, da gabu, da dabbobi. Su dawo da goro a kan jakuna da kan 'yan dako. Kuma goro kaya ne mai son lele. Sai an naɗe shi da ɗanyen ganye cikin huhu. Sai ana yayyafa masa ruwa. Bayan 'yan kwanaki a kwance huhun, a tsince wanda sankara ta kama, a sake ɗaurewa. Wanda ya yi sakaci, kafin ya iso Kano dukiyarsa ta zama shara.

Inda ayari ya sauka ya kwana, shi ne zango. Wasu fatake ba su tashi daga zangon ba. Suka yi gida, suka yi masallaci, suka yi iyali. Shi ya sa har yau kusan kowane babban gari a Gana yana da unguwar da ake kira Zango. Mutanen can suna cewa Zongo. Ba Hausawa kaɗai ke ciki ba. Akwai Mosawa, da Zabarmawa, da Fulani, da Dagwamba, da Yarabawa. Amma Hausa ce harshen da ya haɗa su.

SALAGA

Wanda ya je Salaga yau zai yi mamaki. Ƙaramin gari ne, shiru. Yana kudu maso gabas da Tamale, tafiyar kilomita kusan 120. Babu alamar cewa nan ce kasuwar da sunanta ya kai Barno.

Abin da ya rage shi ne rijiyoyi. Ƙasar tana da ƙarancin ruwa da rani, ga baƙi dubbai da dabbobinsu. Saboda haka aka haƙa rijiyoyi birjik, har ana yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Da yawa sun cike. Wasu suna nan.

Akwai wani wuri a gefen gari da ake kai baƙi. Sunansa da Hausa ne: Wankan Bayi. Wannan suna kaɗai ya isa ya nuna cewa ba goro kawai ake sayarwa a Salaga ba. Ana sayar da mutane. A nan ake yi musu wanka, a shafa musu man kaɗe don jikinsu ya yi sheƙi, sannan a kai su kasuwa. Ana kamo su ne daga ƙauyukan arewa, waɗanda ba su da babban sarki mai kare su. Wasu a tura su kudu a matsayin haraji ga sarkin Ashanti. Wasu su ƙare a hannun Turawa a bakin teku. Wasu kuwa fatake ne suke saye, su ɗora musu huhun goro, su taho da su ƙasar Hausa.

Wannan magana ba ta da daɗin ji. Amma haka abin ya faru. Idan ana zancen cinikin bayi, an fi kallon Bature da jirginsa. Bature yana da babban laifi. Sai dai ba shi ne ya je ƙauye ya kamo yaro a gona ba. A wajen 1880 zuwa 1897 wasu mahaya Zabarmawa, ƙarƙashin wani jarumi mai suna Babatu, sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi suna kama mutane. Kabarin Babatu yana Yandi. Jikokin waɗanda ya kama suna nan, jikokinsa ma suna nan, suna cin kasuwa ɗaya.

Abu biyu ne suka karya Salaga. A 1874 Turawan Ingila suka ci Ashanti da yaƙi, suka ƙone Kumasi. Hanyar goro ta rikice, ciniki ya koma wasu garuruwa kamar Kintamfo. Sannan a 1892 yaƙin basasa ya tashi tsakanin 'ya'yan sarautar wurin. Baƙi suka watse.

Cikin waɗanda suka bar garin akwai wani babban malami, Alhaji Umaru. An haife shi a Kano wajen 1858. Ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete-Karaci, ya zama limami. Ya yi rubuce-rubuce masu yawa da Larabci da Hausar ajami, waƙoƙi da tarihi. Ya rasu a 1934. Har yanzu ana nazarin rubutunsa a jami'o'i.

Bayan haka goro ya koma bin ruwa. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa daga bakin tekun Gana zuwa Ikko. Mahaifiyarsa ma a Ankara ta zauna. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai jaki ya huta. Daga baya kuma aka dasa irin goron a ƙasar Yarabawa. Hanyar Gwanja ta mutu.

GIWAYEN MOLE DA MASALLACIN LARABANGA

A cikin ƙasar Gwanja ɗin nan, ta yamma, akwai gandun dajin Mole. Shi ne mafi girma a Gana. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 4,500, wato kusan biyun Yankari. An keɓe shi a 1958, ya zama gandun ƙasa a 1971. Daga Tamale tafiyar awa biyu zuwa uku ce a mota.

Akwai giwa, da ɓauna, da gwanki, da kanki, da maraya, da mugun dawa, da kada. Tsuntsaye sun fi iri 300. Zaki kam ya yi wuyar gani. Masaukin baƙi yana kan tudu, a ƙasansa akwai tafki. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ruwa yakan ƙafe a daji. Sai giwaye su riƙa zuwa tafkin nan suna sha suna wanka, baƙo yana zaune yana kallo.

Abin da ya fi daɗi a Mole shi ne ana shiga daji a ƙasa. Da sassafe ma'aikacin gandu zai wuce gaba da bindiga, baƙi suna binsa. Dokarsa a bi ta. Idan ya ce a tsaya, a tsaya. Ba a surutu, ba a gudu, ba a matsa wa giwa mai ɗa. Birai kuwa ɓarayi ne na gaske. Wanda ya bar ƙofar ɗakinsa a buɗe, ya yi sallama da burodinsa.

Ƙauyukan da ke kewaye da gandun suna da nasu kukan. Lokacin da aka keɓe dajin an tashi wasu daga gidajensu. An hana farauta. Ga shi kuma giwa takan fito ta cinye gonar mutum a dare ɗaya. Manomin da aka yi wa haka, da wuya a ce masa giwa abar sha'awa ce ya yarda. Shi ya sa wani ƙauye mai suna Mognori ya shirya karɓar baƙi da kansa. Suna ɗaukar su a kwalekwale, suna nuna musu yadda ake man kaɗe, kuɗin ya shiga hannun mutanen gari. Inda ɗan ƙauye yake samun wani abu daga daji, ya fi kula da shi.

Kusa da ƙofar gandun akwai garin Larabanga. A nan ne tsohon masallacin nan yake. Ɗan ƙarami ne, na ƙasa, an shafe shi da farar ƙasa. Itatuwa sun fito daga jikin bangonsa. Su ne matakalar masu yaɓe. A gefensa akwai wata tsohuwar kuka. Mutanen garin suna cewa an gina shi a 1421. Wasu masana suna ganin bai kai haka tsufa ba. Ko ta yaya, yana cikin masallatai mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma.

Akwai abin lura a nan ga duk mai gidan ƙasa. A shekarun 1970 aka shafe masallacin da siminti, da nufin a kare shi daga ruwa. Ashe cuta aka yi masa. Bangon ƙasa yana shan danshi, rana ta fito ya bushe. Siminti ya hana shi bushewa. Danshi ya taru a ciki, gara ta kama itatuwan, wani sashe ya rushe. Daga 2002 aka shiga gyara. Aka ɓamɓare simintin duka, aka koma yaɓen ƙasa irin na da.

A can ƙarshen arewa, a bakin iyakar Burkina Faso, akwai garin Faga. Suna da tafkuna cike da kadoji. A al'adarsu ba a kashe kada, ba a cin namansa. Baƙo zai sayi kaza, a kira kada da ita, ya fito tudu, har a kama wutsiyarsa a ɗauki hoto. Ba dole ne baƙo ya yarda da abin da suka yarda da shi ba. Amma ba a zuwa garin mutane a yi musu dariya.

KUMASI

Mai gangarawa kudu zai bi ta Kintamfo. Akwai wurin da ruwa yake zubowa daga kan dutse, ana zuwa wanka. A guji wurin idan hadari ya taso. A watan Maris na 2017 iska ta kayar da wata babbar bishiya a kan masu wanka, mutum 18 ko fiye suka mutu, yawancinsu 'yan makaranta.

Daga nan ƙasa za ta fara sauyawa. Ciyawa ta ƙare, kurmi ya soma. Sai Kumasi, birnin Ashanti.

Sarki Osei Tutu ne ya haɗa kan Ashanti wajen 1701. Alamar haɗin kansu wata kujera ce ta zinariya. Ba a zama a kanta, ko sarki ba ya zama. Sun ɗauka cewa ran al'ummarsu yana cikinta. A 1896 Turawa suka kama Sarki Firempe na ɗaya, daga baya suka kai shi wani tsibiri mai nisa da ake kira Seshel. A 1900 gwamnan Turawa ya zo Kumasi ya ce a kawo masa kujerar ya zauna. Wannan wauta ta jawo yaƙi. Wata mace, Ya Asantewa, uwar sarkin garin Ejisu, ita ta ja maza. Suka tsare Turawa a cikin barikinsu wata da watanni. A ƙarshe aka kama ta, aka kai ta Seshel, ta mutu can a 1921. Amma Turawa ba su sami kujerar ba. Cikin sojan da suka yi wa Turawa wannan yaƙi, da na 1874, akwai Hausawa da yawa. Wasunsu da aka sallame su, a zangunan Gana suka zauna.

Tsohuwar fadar Manshiya, wadda aka gina a 1925, yanzu gidan tarihi ce. Kowa yana iya biya ya shiga. A 2024 aka dawo da wasu kayan zinariya da Turawa suka kwashe. Wani gidan tarihi na Amurka ya mayar da guda 7 baki ɗaya. Na Ingila kuwa sun kawo guda 32, amma wai aro suka bayar na shekara uku. A kwashe kayan mutum, sannan a ara masa. Mutanen Gana da yawa ba su ji daɗin wannan sharaɗi ba.

Duk bayan mako shida, ranar Lahadi, ana bikin Akwasidai. Sarki yakan fito ya zauna a fili ƙarƙashin manyan laimomi, da zinariya a wuya da hannu. Ana kiɗa, hakimai suna zuwa gaisuwa. An naɗa Sarki Osei Tutu na biyu a 1999. Baƙo yana iya halarta. Wanda zai duba rigar yaƙin sarakunan Ashanti zai ga an lulluɓe ta da layu. Malaman arewa ne suke rubuta musu tun da can.

Kasuwar Kejetiya tana tsakiyar birni, da dubban rumfuna. Mai jin Hausa ba zai ɓata a cikinta ba. A ƙauyen Bonwire kuma ake saƙa kente, tufafin alfarmarsu. Maza ke saƙa shi ƙwarya-ƙwarya, sannan a ɗinke, kamar yadda ake saƙi a ƙasar Hausa. Sai dai nasu ya fi yawan launi.

RUWAN DA YA ZAMA KUNU

Daga Kumasi zuwa teku, mota za ta hau gadar kogin Fira. Matafiyi ya leƙa ƙasa. Ruwan ya yi ja, ya yi kauri kamar kunun kanwa. Haka kogin Ofin yake, da Birim, da Ankobra.

Haƙar zinariya ta ɓarauniyar hanya ce ta jawo haka. Suna kiranta galamse. Da can da diga da shebur ake yi. Yanzu da manyan motocin haƙa ake yi, har a cikin kogi. Ana tumɓuke gonakin koko. Ana wanke zinariyar da zaiba, ita kuwa zaiba guba ce, tana shiga kifi, tana shiga jikin mai ci. A 2024 hukumar ruwan ƙasar ta bayyana cewa laka ta yi yawa a kogin Fira, har ruwan famfo ya yi ƙaranci a garuruwan Kef Kos da Elmina. A wannan shekara mutane suka yi zanga-zanga a Akra a kan haka.

Samarin da ke aikin suna cewa ba su da wata sana'a. Gaskiya ne. Amma ba su suke sayen motocin haƙa ba. Mutanen Zamfara sun san irin wannan ciwo. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a can.

ƘOFAR DA BA A DAWOWA

A bakin tekun Gana akwai tsofaffin gidaje masu ganuwa da Turawa suka gina, kusan 30. A 1979 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Biyu suka fi shahara.

Na Elmina Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482. Zinariya suka zo nema. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Na Kef Kos kuma shi ne hedkwatar Turawan Ingila, har 1877 da suka koma Akra.

Daga waje farare ne tas, ga igwa a jere tana kallon teku. A sama ɗakin gwamna yake, da manyan tagogi, iska tana kaɗawa. A ƙasa kuma kurkukun bayi ne. Mai yi wa baƙi jagora zai shiga da su ciki. Duhu ne, da zafi, sai 'yar kafa a can sama. Masu jagora suna cewa a Kef Kos akan tara maza har 1,000 a lokaci ɗaya. Nan suke kwana, nan suke bayan gida, mako da makonni, har jirgi ya zo. Daɓen da baƙo yake takawa, ƙazantar jikinsu ce ta daskare a kansa. A saman kurkukun maza kuma Turawan suka yi ɗakin ibadarsu.

Daga nan sai wani lungu, sai wata ƙofa mai fita bakin ruwa. Ana kiranta ƙofar da ba a dawowa. Masana sun ƙiyasta cewa mutum miliyan 12 da rabi aka ɗora a jirage daga Afirka duka, cikin shekara kusan 350. Wajen miliyan 2 sun mutu a kan teku. Ingila ta haramta cinikin a 1807. Hausawa ma an kai su ƙetare, musamman ƙasar Barazil, amma galibinsu ta bakin tekun Ikko da Wida aka fitar da su.

Yanzu jikokin bayin nan suna zuwa daga Amurka da sauran wurare. Shugaban Amurka Barak Obama ya zo Kef Kos a 2009. A 2019 gwamnatin Gana ta gayyace su musamman, ta kira shekarar da sunan shekarar dawowa gida. Baƙo zai ga manya suna kuka a cikin kurkukun. A wurin ba a wasa, ba a ɗaga murya.

Kilomita 30 daga Kef Kos akwai gandun dajin Kakum. Kurmi ne na asali, wanda gatari bai gama da shi ba. A 1995 aka ɗaura gadoji bakwai na igiya da katako, daga kan wata bishiya zuwa wata. Tsawonsu duka wajen mita 350 ne. Bisansu daga ƙasa ya kai mita 30 zuwa 40. Gadar tana lilo idan an taka. Akwai raga a gefe da gefe, amma mai jiri ya tsaya a ƙasa. Akwai giwar kurmi a ciki, sai dai ba kasafai ake ganinta ba.

AKRA

A Akra akwai kabarin Kwame Nkruma, shugaban farko. Soja sun hamɓarar da shi a 1966, ya mutu a ƙasar waje a 1972. Shi ya gina madatsar ruwa ta Akosombo, wadda ta haifar da tafkin Bolta, mai faɗin murabba'in kilomita 8,500. An tashi mutum kusan 80,000 saboda ita. Tsohon garin Kete-Karaci, inda Alhaji Umaru ya yi limanci, yana cikin waɗanda ruwan ya ci.

Baƙo daga ƙasar Hausa zai fi sakewa a Nima, ko Mamobi, ko Sabon Zango. Akwai sarakunan zango da rawunansu. Akwai babban masallacin ƙasa a unguwar Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Hausarsu ta ɗan bambanta. Ba su cika raba namiji da mace a magana ba, kuma sun ɗauki kalmomin maƙwabta. Amma ana fahimtar juna sarai.

Abinci ma ya bi sawun fatake. Shinkafa da wake, wadda ake dafawa da karan dafi, duk Gana suna kiranta wace, daga kalmar wake. Tuwo suna ce masa tuwo zafi. Da safe kowa, Musulmi da Kirista, yana layin sayen koko da ƙosai, suna cewa kokon Hausa.

SHIRIN TAFIYA

Tsohuwar hanyar fatake ba ta biyuwa yanzu. Akwai rashin tsaro a arewacin Binin da Togo da cikin Burkina Faso. Hanyar bakin teku aka fi bi. Daga Ikko a fita ta Seme, a wuce Kwatano, a wuce Lome, a shiga Gana ta Aflawo. Ba ta kai kilomita 500 ba, amma iyaka uku ce, kuma kowace tana cin lokaci.

Ɗan Nijeriya ba ya bukatar biza, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Yana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS. Yana bukatar katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa. A yi allurar da gaske a asibiti, kada a sayi katin banza. A tabbata an buga hatimi a kowace iyaka. A yi hankali da masu cewa za su tsallakar da mutum ta bayan fage. Canjin kuɗi kuma a ƙirga a gaban mai canji. A tafi da gidan sauro. A Gana ba a miƙa abu da hannun hagu, kuma ba a tambayar hanya sai an yi gaisuwa.

Zancen takarda ba abin rainawa ba ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Dubban 'yan Nijeriya suka taso, wasu ma a can aka haife su. Suka bar gidaje da rumfuna da gonakin koko. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida. Jakar nan ta leda mai zane, wadda ake kira gana-mas-go, daga nan ta sami sunanta.

Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 ta ba baƙo. Wanda kwanakinsa suka kusa cika, ya je ofishin shige da fice ya nemi ƙari, ko kuwa ya kama hanyar gida.